Kare a Gida: Ina Ne Wurinsa?

   

Yau maganar kare za mu yi. Na san wata tana jin haka za ta ce a'uzubillahi, ta miƙa hannu za ta murɗa rediyo. Hajiya, dakata tukuna. Ko babu kare a gidanki, akwai shi a gidan maƙwabta, kuma yaronki yana bi ta ƙofar gidan nan in ya taso daga makarantar allo.

Abin da ya kawo maganar shi ne saƙon da wata baiwar Allah ta aiko mana daga wani ƙauye a ƙasar Isa. Ta ce sau biyu ana shiga musu gida da dare ana kwance awaki, sai maigida ya samo kare wajen wani abokinsa mafarauci. Ya ɗaure shi da 'yar gajeruwar igiya daidai inda ake fitowa daga zaure a shigo tsakar gida. Tun daga hantsi har la'asar rana na dukansa. Da dare ya hana kowa barci. Surukarta ta ce ita ba ta zama gida ɗaya da kare. Yaran da ke zuwa sayen ƙuli-ƙuli sun ɗauke ƙafa, cinikinta ya tsaya. Makon jiya kuma ya kai wa 'yar maƙwabta cafka, Allah ya taimaka zane kawai ya yaga. Ta rufe da cewa: "Mi zan yi da wanga kare? Maigida ya ce ba ya fidda shi, kuma ni ke wuni da shi."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce gaskiyar magana. Namiji ke kawo kare, amma da safe ya fita gona ko kasuwa. Mace mai kulle ita ke jin kukansa, ita ke share kashinsa, ita ke tsare yara. Saboda haka ke ma kina da bakin magana a kan inda za a ajiye shi.

Kuma ba na ganin laifin maigidan nan. Duk wanda ke zaune a gabashin Sakkwato ya san halin da aka shiga. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. A watan Mayun 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, a 2024 kuma muka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindiga. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wanda ya ga haka, ko motsin ɓera ya ji da dare sai gabansa ya faɗi. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, kare ba ya tare mai bindiga. Abin da zai iya shi ne ya ji motsi tun kafin ku ji, ya tashe ku, ya kori ɓarawon akuya da na kaji. To, karen da ya wuni a rana ba ruwa, ya kwana yana kuka don wahala, ta yaya za ki bambance haushinsa na ɓarawo da kukansa na ƙishirwa? Bayan mako biyu kowa a gidan ya daina kula shi, ranar da ɓarawon gaske ya zo ma sai a gyara kwanciya.

Bari mu fara da damuwar surukarta, don tsohuwa ba ta yi magana a banza ba. Ya zo a ingantattun hadisai cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, kuma wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ana rage masa lada kullum. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ma a kan haka ya tafi. Amma masu sharhin littafin sun kawo labarin marubucinsa, Ibn Abi Zaid na birnin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya. Katangar gidansa ta faɗi a lokacin da ake zaman ɗar-ɗar, sai ya ajiye kare don tsaro. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da abin da ya fi kare ma ya ajiye, wato zaki. A kan irin wannan ne malamai da yawa suka yarda da karen gadi idan akwai larura ta gaske. A mazhabar Malikiyya kuma jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ruwan ƙwarya a zubar da ruwan a wanke ta sau bakwai. Fitsarinsa da kashinsa kuwa najasa ne, babu ja a nan. Mai son ƙarin bayani, maigida ya tambayar mata malamin unguwa.

Kin ga ke nan addini da kansa ya nuna mana hanya: kada kare ya shiga ɗakunan kwana da inda ake salla, kada ya kai bakinsa ga randa da kwanukan abinci. Amma addinin nan dai shi ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Wanda ya ɗaure dabba, cinta da shanta da inuwarta sun hau wuyansa. Nesanta kare da ɗaki daban, azabtar da shi daban.

Yanzu ina ne wurin? Kuskuren farko a gidan 'yar uwarmu shi ne an ɗaure shi a kan hanya. Mu mata masu kulle, yara su ne ƙafafunmu. Su ke ɗaukar talla, su ke kawo cefane, su ke zuwa sayen fura da ƙuli-ƙuli da daddawa. Ga almajiri mai ɗebo ruwa, ga mata 'yan barka da 'yan gaisuwa bayan magariba. Duk ta ƙofa ɗaya suke bi. In kika sa kare a nan, kin rufe kasuwarki da hannunki, shi kuma kin sa shi cikin fargaba, don duk mai wucewa gani yake kansa ya nufo. A nemi lungu a gefe, inda yake iya hango ƙofa ko turken dabbobi amma mai shigowa ba sai ya gifta ta gabansa ba. Tunda awaki aka kawo shi tsaro, kusa da turkensu ya fi, amma da darni a tsakani har su saba. Kada ya zama kusa da madafa, ko randa, ko inda ake shanyar hatsi da kuɓewa, ko inda yara ke wasan ƙasa. Kada kuma ya zama kwari inda ruwa ke kwanciya, ko ƙarƙashin indararo. Mutanen bakin gulbin Rima da Bunsuru ba sai an gaya musu yadda ruwa ke shiga gida a watan Agusta ba.

Sai inuwa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasarmu yakan haura digiri 40. Mu mutane gumi ke sanyaya mana jiki. Kare ba ya gumi irin namu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Shi ya sa kike ganin ya zaro harshe yana haki, ta nan yake fitar da zafi. In zafin ya fi ƙarfinsa sai ya fara tangaɗi, ya yi amai, ya faɗi, yana iya mutuwa a wuni ɗaya. Idan akwai darbejiya a gidan, an huta. Amma ki lura, inuwa tafiya take yi. Inda ke da inuwa da hantsi ba lalle ya kasance da ita da azahar ba. Ke da kike wuni a gida kin fi maigida sanin inda rana ke faɗawa a kowane lokaci, don haka ke za ki nuna masa wurin. In babu itace, a kafa 'yar rumfa da zana ko karan dawa. Wasu sukan kifa tsohon kwano ko rabin durom su ce sun yi wa kare ɗaki. Wallahi wannan tanda ce. In dole sai kwano saboda ruwan sama, a ɗaga shi sama iska ta riƙa ratsawa, a shimfiɗa zana ko kara a kansa.

Girman rumfar ba wani abu ba ne: ya iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa rufi ba, ya iya juyawa, ya iya kwanciya ya miƙe ƙafafu. A toshe ta ta gabas da arewa, don ta can iskar hunturu ke kaɗowa, hadarin damina ma ta gabas yake tasowa. Bakinta ya dubi kudu. Ƙasan kuma a ɗan tada shi kamar taƙi ɗaya, a yi masa daɓe. Daɓe ai aikinmu ne, ba sai an kira magini ba. Amfaninsa shi ne yana sharuwa, ba ya riƙe laima. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai inuwa wadda fitsari ko kashi ya ɓata, tsutsarsa ta shige fatar kare ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. 'Yan kwikwiyo ta fi kamawa, kuma tana shiga fatar yaro ma in yana kwanciya a wurin. Shara kullum da busasshiyar ƙasa su ne maganinta. Da hunturu a jefa masa tsohon buhu ko tsohuwar tabarma, a riƙa shanya ta a rana saboda ƙuma.

Ruwa kuwa kada ya yanke. Matsakaicin kare yana shan kusan lita ɗaya a rana, da bazara ya fi haka nesa. A ware masa kaskonsa mai nauyi wanda ba zai kifar ba, ko a ɗan binne gindin kaskon a ƙasa, a cikin inuwa. Kasko ya fi tasa riƙe sanyi. Karen da ke da ruwansa ba ya zuwa leƙen randarki, kin ga an kashe rigimar wanke ƙwarya tun daga tushe.

To, sai maganar igiya, wadda ita ce ta kusa jawo wa 'yar uwarmu faɗa da maƙwabta. Mutane na ɗauka in ana son kare ya yi zafi sai a ɗaure shi gajere. Eh, zai yi zafi, amma kan wa? Dabba in ta ji tsoro abu biyu take yi, ko ta gudu ko ta yi faɗa. Wanda aka ɗaure ba shi da wurin gudu, cizo kaɗai ya rage masa. Wani bincike da aka yi a birnin Denver na Amurka, aka buga shi a 1994, ya gano cewa ɗaurarrun karnuka sun fi waɗanda ba a ɗaure ba yawan cizo kusan sau uku. Kuma ba ɓarawo suke cizo ba, yawanci yara ne na gida da na maƙwabta. Abin da ya fi shi ne a kewaye masa fili da darni mai ƙarfi ko ragar waya, kamar taku huɗu ko biyar kowane gefe, da ƙyaure mai sakata wadda hannun ƙaramin yaro ba ya kaiwa. A ciki ya zauna a sake. In babu halin haka, a kafa turaku biyu nesa da juna, a ja waya mai kauri a tsakani, a zura zobe, a ɗaura igiyarsa a zoben yadda zai riƙa kai da kawowa daga inuwa zuwa wajen ruwa. Abin wuyansa ya zama na fata ko ƙyalle mai faɗi, yadda yatsu biyu za su shige tsakaninsa da wuya. Ban da waya, ban da zarge. Na taɓa ganin kwikwiyon da aka ɗaura wa igiyar roba aka manta yana girma, har ta nutse cikin naman wuyansa. Ban so in sake ganin irin wannan.

Da dare, bayan an rufe zaure, kaji sun shiga akurki, sai maigida ko babban yaro ya sake shi ya zaga cikin gida. Amma a toshe rariya da duk wata kafa a katanga, don karen da ke fita yawon dare shi ke haɗuwa da karnukan da ba su da mai su, ya dawo da rauni da cuta. Da asuba kafin a fito alwala a mai da shi wurinsa.

Yadda zai saba da wurin ba wuya. A nan kaɗai za a riƙa ba shi abinci, lokaci ɗaya kullum, da kalma ɗaya da kowa zai riƙa faɗi, ko "shiga" ko "wurinka". Kada a taɓa dukansa a cikin wurin, kada a ja shi can don horo. So ake ya san in ya shiga nan babu mai taɓa shi. Kwikwiyo zai yi kuka daren farko da na biyu don kewar uwarsa, a yi haƙuri, yana dainawa. Kare yakan yi barcin kusan rabin yini, don haka in kin gan shi kwance da rana ba lalaci ba ne, ƙarfin gadin dare yake tarawa.

Yara kuma a kafa musu doka, a maimaita ta kamar karatun allo. Ba a shiga wurin kare. Ba a jifarsa, ba a tsokanarsa da kara ta cikin darni. Ba a taɓa shi yana ci ko yana barci. In karya ce ta haihu, cikinta wata biyu ne kacal, to ko ke da kike ba ta abinci ki yi a hankali. In baƙon kare ya tunkaro yaro a hanya, kada ya ruga, ya tsaya cik, ya sauke hannuwa, ya kau da ido.

Abinci, sauran tuwo da ɗan romo da abin da ya samu na nama ko kifi ya wadatar. Ban da abin da albasa ta yi wa yawa, tana lalata masa jini. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke shi. Lokacin layya kuma, in an ga huhu ko hanta da wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki, kada a jefa wa kare ɗanye. Tsutsa ce, za ta girma a cikinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa ya koma kan mutane da tumaki. A binne shi da zurfi ko a ƙone. Kashin karen ma a kwashe kullum a zuba a masai, a wanke hannu da sabulu. In kaska ko ƙazuwa ta kama shi, don Allah ban da baƙin mai, ban da fiya-fiya. Yana lasa, kuma yaranki suna shaƙa. A nemi malamin dabbobi.

Na bar babbar magana a ƙarshe, wato ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma ana iya tare shi tun kafin nan, kuma an san haka tun 1885 da Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro allurar a Faransa. Shi kare ana yi masa rigakafi yana da wata uku, sannan a sabunta kowace shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kuma tana da asibitin koyarwa na dabbobi. Maigida ya tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ya karɓi takardar shaida, ke kuma ki adana ta inda kike ajiye katin rigakafin yara. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ki sa ta zama ranar tuna wa maigida.

In kika ga karenku ya sauya hali, mai fara'a ya koma cizon duk abin da ya gani, ko mai zafi ya yi laƙwas, miyau na dalala, muryarsa ta sauya, baki a sake kamar ƙashi ya maƙale masa, kada kowa ya sa hannu a bakinsa. A ja sakata, a kwashe yara, a aika a kira malamin dabbobi. A nan za ki gode wa Allah da aka yi masa wurin da ake iya rufewa.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ko da na gida ne, abin farko yana hannunki. Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa yana gangarewa, har minti 15 cur. Ki duba agogon waya, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, kuma yaron zai yi ta kuka. Kada ki sa toka, ko barkono, ko ƙonannen gashin karen kamar yadda wasu ke yi, kada kuma ki ɗaure shi tamau. Sannan a kai shi asibiti a ranar, babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, ko wanda ya fi kusa, in babu allurar a nan su faɗi inda za a same ta. Allurar ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban, sai an cika. Ciwon yakan ɓuya wata biyu ko uku, wani lokaci har shekara, don haka warkewar rauni ba ta nufin an tsira. Shi kuma karen, in na gida ne, a rufe shi a wurinsa kwana goma ana ba shi ci da sha ana lura da shi, a gaya wa ma'aikatan asibiti abin da aka gani. Amma ba a jiran kwana goman nan kafin a fara allura.

Shawarata ga 'yar uwarmu ta Isa da duk mai irin halinta: yau da dare, in maigida ya ci tuwo ya natsu, ki kawo maganar rumfa da darni, ki nuna masa lungun da kika zaɓa. Sannan ki roƙi izini tun yanzu, cewa in kare ya ciji yaro alhali shi yana gona ko ya yi tafiya, ke ko surukarki ko wani babba a gidan zai kai yaron asibiti ba sai an jira dawowarsa ba. A kuma san wanda za a kira mai babur, a rubuta lambarsa.